Ɗinkin Bai Kame Ba Tukuna

Tambuwal, ranar Talata.

Zuwa ga maigidana, Malam, a Ibadan.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina tambayar lafiyarka da ta abokan zamanka, da yadda kasuwar albasa take a wannan damina. Allah ya sa saƙon nan ya same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kuma ba ka sararin karanta shi har ƙarshe.

Ga labarin gida. Hauwa lafiya lau, tana zuwa Islamiyya, ita ke ɗebo mana ruwa yanzu. Auta ya yi mura ta sake shi, saura ɗan tari. Jar akuya ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Geron gonar Jabo ya fitar da kai, ƙanena ya je ya duba ya ce sai godiya. Ni ƙafafuna suna ɗaukata, iyakar abin da zan ce ke nan. Wanda ba shi da lafiya ka san shi: babban ɗanka, wanda aka yi wa aiki a ciki a Sakkwato. Yana kwance a ɗakina. Yana samun sauƙi, amma bai warke ba, kuma a kansa nake wannan rubutu.

Ka san hannuna ba ya sauri. Da girmana na koyi rubutu, bayan haihuwar Hauwa, har yau sai na rubuta a takarda na gyara sannan in kwafe cikin waya da yatsa ɗaya. Da maganar baki tana yi, da ban wahalar da kaina ba. Na kira ka jiya da safe, ka ce, "Abin da Inna tac ce shi za a yi," ka ce ga mai saye ya zo, ka kashe. Na sake kira da la'asar, ka ce kada in haɗa ka da mahaifiyarka. A waya bakina ba ya buɗuwa a gabanka. A rubuce kuwa babu mai katse ni. Da gangan na sa saƙon nan a zauren danginku na waya, inda ƙannenka da matansu suke, don kada gobe a ce na zagaya bayan Inna na kai ƙara a ɓoye. Wanda ya fara gani a Kebbe ya karanta mata duka, kada ya tsallake ko layi.

Ranar Lahadi ƙanenka Ɗanjuma ya zo. Ko babur bai kashe ba, daga bakin zaure ya ce, "Inna tac ce a haɗa mai kayanai. Asabar nika zuwa in ɗauke shi." Na tambaye shi ko ka sani. Ya ce ai da kai aka yanke.

Malam, da kai aka yanke?

Ba ka ga cikin yaron nan ba. Hoton da aka tura maka daga asibiti fuskarsa kawai aka ɗauka, sauran jiki yana lulluɓe da zane. Bari in gaya maka abin da ke ƙarƙashin zanen. An tsaga shi daga ƙasan ƙirji har ƙasan cibiya. Zaren yana nan ba a cire ba. Sama ya fara haɗewa, amma can ƙasa akwai wurin da ke tsattsafo da ruwa, kuma saboda wurin nan ne malamar asibitin da ke kusa da mu take wanke masa ciwon tana canza auduga. In tari ya zo masa, sai ya rungume matashin kai a ciki, ya runtse ido, ya jira ya wuce. In zai je bayan gida, a duƙe yake tafiya kamar tsoho, hannu ɗaya a bango. Shekaranjiya Auta ya yi wani abin dariya, yaron ya fara dariya ya ƙare da hawaye, yana roƙo a fitar da Auta daga ɗakin. Yaron da dariya ke yi wa ciwo, shi za a ɗora a bayan babur zuwa Kebbe.

Hanyar Kebbe ba sai na kwatanta maka ba, a kanta ka girma. Ka san inda ruwa ya cinye ta, inda ake sauka a tura babur, a ɗage wando har gwiwa. Ka san duwatsun da ke gaba da wurin. Bara da damina, da Inna ta ce za ta aiko maka da ƙwan zabi, ina zaune ka kira Ɗanjuma har sau biyu kana jaddada masa ya jera su cikin ƙaiƙayi, ya ɗaure ƙwaryar a gaba, ya bi a hankali. Duk da haka da ya iso wasu sun fashe, ka yi ta faɗa. Ƙwan zabi ke nan, Malam. Ina so ka gaya mini cikin wane ƙaiƙayi za a jera hanjin ɗanka.

A ɗakin da aka kwantar da mu a Sakkwato akwai wani yaro da aka yi wa irin wannan aiki, aka sallame shi muna nan. Danginsa suka ɗora shi a babur zuwa ƙauyensu. Muna nan dai aka dawo da shi. Uwarsa ta naɗe masa ciki da mayafinta, ta tallafe da hannu biyu, ba ta kuka, tana tafiya a duƙe gefen gadon da ake tura shi. Ban ga abin da ke cikin mayafin ba, kuma ba na son in gani. Ranar da za a sallame mu likita ya ce da mu kada a jijjiga shi, kada ya ɗauki ko buta cike da ruwa, kada a sa wa ciwon komai sai abin da asibiti ya sa, sai an cire zare an sake duba shi. Inna tana wurin. Ɗanjuma yana wurin. Duk mun ce to.

Me ya canja daga ranar zuwa yau? Na sani, kai ma ina jin ka sani, amma tunda babu mai son faɗa, ni zan faɗa.

Gwaggo Mairo, ƙanwar mahaifinka, ta zo dubiya makon jiya. Ta yi sallama tana ɗaga labule a lokaci guda, ta same ni zaune a tabarma, kan yaron a cinyata, ina ba shi kunu da ludayi. Ba ya iya zama ya daɗe, shi ya sa. Ta tsaya riƙe da labulen ta ce, "Mi nika gani haka? Ɗan fari bisa cinya, rana tsaka? Wagga makaranta da kinka shiga da girmanki, abin da anka koya miki ke nan?" Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo mata ruwa. Ta kwance ƙullin wani gari ta ce a kwaɓa da man shanu a shafa a bakin ciwon, a riƙa gasa wurin da tsumma mai zafi safe da yamma. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Yana nan cikin kwalla, ban taɓa ba. Ta miƙa hannu za ta ɗaga rigarsa ta ga ɗinkin, na ce ta yi haƙuri, malamar asibiti ta hana. Ko ruwan ba ta sha ba ta tashi.

Kafin Juma'a magana ta zaga Kebbe. Wai na zubar da kunya. Wai na ƙwace ɗan Inna ina nuna wa duniya ba ta iya riƙo ba. Matar Ɗanjuma ce ta gaya mini, kuma ba don gulma ba, don tausayi. Saboda wannan magana za a ɗauke shi. Babu wanda ya ce Kebbe ta fi Tambuwal kusa da mai wanke ciwo. Ana so ne a ga ya koma ɗakin Inna, bakin mutane ya mutu.

To tunda maganar kunya ce, bari mu yi ta.

Ranar da aka yaye shi, Inna ta zo ta goye shi ta tafi da shi Kebbe, kamar yadda ake yi da ɗan fari a gidanku da gidanmu. Na raka su har zaure, na dawo na ci gaba da daka. Ka shigo ka same ni ina daka. Ka ga hawaye a idona? Nono ya cika mini har zazzaɓi, ban gaya wa kowa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ban kira sunansa ba. "Yaron nan" nake cewa, ko "na Inna". Shi kuma Yaya yake ce mini, kamar wata 'yar'uwa da ke aure a Tambuwal. In ya zo da Sallah, shi nake zuba wa abinci a ƙarshe. In ya faɗi ya fasa gwiwa, Hauwa nake aikawa ta duba shi, ni kuwa in juya baya in ci gaba da wanke-wanke, kunnena yana wurinsa. Mutane suka yi ta yabona. Ita Gwaggo Mairo da bakinta ta taɓa cewa a gaban mata, "Ɗiyag ga akwai ta da kunya." Ban yi don yabo ba. Haka na ga uwata ta yi da yayana, kuma ban taɓa ganin laifin abin ba. Inna ta riƙe shi riƙon Allah da Annabi. Ta sa shi a makaranta, ta koya masa gaisuwa, ba ta taɓa ci ta hana shi ba. Wanda ya ce na ce Inna ba ta iya riƙo ba, ya yi mini ƙarya.

Amma ka tuna yadda na ji labarin ciwon nan? Kai ba ka gaya mini ba, Ɗanjuma bai gaya mini ba. Wata Bafulatana mai kawo mana nono ce, tana auna mini, ta ce, "Ke, ba ki ji ba? Ɗan Inna na nan kwance tuni, cikinai ya kumbure." Ashe ya daɗe da zazzaɓi, ana cewa shawara ce, ana ba shi jiƙo. Duk gidan an sani. Kai ma an gaya maka a waya. Ni kaɗai aka bari, domin uwa ba ta tambayar ɗan fari, saboda haka ba a ga dalilin gaya mata ba. Na bar ƙwaryar nonon a tsakar gida kaji suka sha, na tari babur ban nemi izinin kowa ba.

Na same shi a ɗakin Inna, ciki ya yi tauri kamar ganga, leɓe ya bushe, ido ya faɗa. Inna tana zaune gefensa da carbi, ita ma ta rame, ta kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Da ta gan ni ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Gara da kinka zo." A ranar muka nemi mota. A Tambuwal suka duba shi suka ce mu wuce Sakkwato kada mu tsaya. A can aka ce taifod ce ta huda masa hanji.

Likita ya fito ya tambaya wace ce uwar yaron. Ka san abin da na yi? Na sunkuyar da kai. Ɗana yana kwance ana shirin tsaga shi, ni kuwa ina kallon ƙasa, saboda abin da na saba ke nan. Inna ta ce, "Ga ni, likita." Can aka dawo aka ce ana bukatar jini. Inna ta tsufa, na Ɗanjuma bai dace ba. Aka gwada nawa ya yi. Na kwanta aka ɗiba. A wannan rana babu wanda ya ce abin kunya ne. Gwaggo Mairo ba ta aiko a hana ba. Jinina yana yawo a jikinsa yanzu haka, an yarda da wannan, amma cinyata ce ta zama abin magana a Kebbe.

Ka ce kada in haɗa ka da mahaifiyarka. Ni ma ba na son haka. Amma ka san aikin da ke cikin jinyar nan? Ruwan da zai sha sai an tafasa an bar shi ya huce. Kunu sai an tace shi ya yi ruwa-ruwa, a ba shi kaɗan, a jira, a ƙara. Maganinsa kala-kala ne, wani kafin abinci, wani bayan abinci, ina duba rubutun da aka yi a jikin kwalin kafin in ba shi. Ko da rana cikin gidan sauro yake, saboda ƙuda. Na kori kaji daga tsakar gida, na ɗaure awaki a baya. Safe da yamma ina kama hannunsa mu taka zuwa gindin dogonyaro mu dawo, don likita ya ce kwanciya kaɗai ba ta da kyau. Kullum ina taɓa goshinsa ina shinshina audugar, domin an ce in jiki ya yi zafi ko wurin ya yi wari, a kawo shi nan take. Daga nan gidan, nan take yana nufin in tari mai keke mai ƙafa uku a bakin titi. Daga Kebbe, in an yi ruwan sama, me yake nufi? Inna idonta ya yi rauni, gwiwa ta hana ta duƙawa. In Gwaggo Mairo ta shigo mata da garinta da tsummanta mai zafi, wa zai ce a'a?

Kai kuma, Malam, da kai nake fushi, fiye da kowa. Inna tsohuwa ce da aka ɓata wa rai da maganar mutane, na fahimce ta. Ɗanjuma ɗan aike ne. Kai ne uban yaron. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa, kuma ka fi kowa sanin yadda ake lallashin Inna. Ka zaɓi ka ce to, don to ɗin ba ta da wahala daga Ibadan. Ba kai za ka riƙe shi a bayan babur ba. Ba kai za ka ji ɗumi ya jiƙa maka hannu a tsakiyar hanya ba, inda babu gida babu asibiti.

Ga abin da nake roƙo, kuma a gaban danginka nake roƙonsa. Inna ta zo Tambuwal. A ɗauko ta a mota. Zan bar mata ɗakina da gadona, in koma ɗakin yara. Ita za ta riƙa ba shi kunu, kansa a cinyarta. Duk wanda ya zo dubiya ita zai tarar, ita zai yi wa sannu, ya koma Kebbe ya ce ya ga ɗan Inna a hannun Inna. Ni zan tsaya a madafa. A bar mini tafasa ruwa, da lokacin magani, da kai shi wankin ciwo. In baƙi sun shigo zan juya baya kamar da. Ranar da aka cire zare, likita ya duba ya ce ya iya tafiya, ni da kaina zan haɗa masa kaya, in raka su zaure, in dawo in ci gaba da daka. Na taɓa yi, zan iya sakewa.

In kuwa an ƙi, to ka ji tun yanzu, kada a ce na yi ba zata. Ranar Asabar zan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin in zauna. Ba zan ɗaga wa Ɗanjuma murya ba, zan gaishe shi, zan ba shi fura. Amma ba zan tashi ba. In ya ga zai iya tsallake matar yayansa ya ɗauki yaro mai ɗinki a ciki, ga hanya nan. Abin da za a kira ni da shi bayan nan, a kira ni.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Jiya da hantsi ina goge masa jiki da ruwan ɗumi, ina kewaye audugar a hankali, yana kallon rufin ɗaki. Ya ƙara tsawo, Malam, ƙafarsa ta kusa kai taka, kuma yana da irin tabon nan naka a bayan kunne, ban taɓa lura ba sai a jinyar nan, domin ban taɓa kallonsa kusa haka ba. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, wai ke kin san sunana?"

Na matse tsumman, na ce ya ɗaga hannu in goge hammata. Bai sake tambaya ba.

Ni na ɗauki cikinsa. Ina bayan labule ranar suna na ji an faɗa, na maimaita a zuciyata, kuma tun daga ranar babu sallar da na idar ban ambace shi ba, a inda Allah kaɗai ke ji. Bakina har yau bai iya ba. Na gwada jiya bayan ya yi barcin rana, harshena ya ƙi. Amma da na zauna da biro na ga hannu ba shi da wannan nauyin. Yaron ya fi ni iya karatu, kuma in na gama zan ba shi wayar ya karanta da kansa, ya ga amsarsa a ƙasa.

Allah ya ba shi lafiya, ya haɗe wannan ciwo ciki da waje, ya mayar da shi makaranta da ƙafafunsa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya saka mata da alherin riƙon da ta yi, ya sanyaya mata zuciya a kaina. Allah ya buɗa maka kasuwa, ya dawo mana da kai lafiya, ya sa ka ga abin da nake gani.

Ina jiran amsarka kafin a sauko daga masallaci ranar Juma'a, don Ɗanjuma ya san ko babur zai wanke ko mota zai nemo wa Inna. Kada ka kira ni, ka san zan yi shiru. Ka rubuta a nan, inda kowa zai gani.

Ni ce matarka,

Rabi, uwar Haliru.